HUTUN KASUWAR HANNUN JARI DA LISSAFIN RANAR BIYA

Jawabin wayar da kai domin 'yan kasuwa da manoma da ma'aikata na Nguru da Gashuwa, da sauran jama'ar ƙasa baki ɗaya

Gabatarwa

Mutanen Nguru da na Gashuwa ba baƙin lissafin kwanaki ba ne a sha'anin ciniki. Tun lokacin da layin dogo daga Kano ya isa Nguru cikin shekarar 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu da busasshen nama, kuma kowane falke ya san ranar da jirgi zai tashi, ya san in ya kuskure ta sai ya jira wata. Haka nan a Gashuwa, babban garin masarautar Bade, mai sayar da banda ko shinkafa ko tattasai daga fadamun kogin Yobe ya san ranar da kasuwa take ci, ya kuma san ranar da fatoma zai kawo masa kuɗinsa. Wanda ya sallama kaya yau bisa alkawarin a biya shi kasuwa mai zuwa, ba ya cewa kuɗi sun shiga aljihunsa sai ya ƙidaya su.

Ita ma kasuwar hannun jari tana da ranakun da take ci da ranakun da take rufe, tana kuma da tazara tsakanin ranar ciniki da ranar biya. Bambancinta da kasuwannin gida shi ne, tana rufewa ne daidai lokacin da kasuwar gari da kara suka fi cika, watau lokacin Salla da sauran bukukuwa, sa'ad da bukatar kuɗi ta fi matsa wa magidanci. Malamin makaranta a Nguru da ya yi niyyar sayar da ɗan jarinsa don ya sayi ragon layya, da ɗan kasuwar hatsi a Gashuwa da zai biya kafin alƙalami na buhunan riɗi, duk suna iya shiga kunya in ba su san wannan lissafi ba. Manufar wannan jawabi ita ce bayyana yadda ake ƙidaya kwanakin, da wanda yake da ikon ba da hutu, da abin da hutu yake yi wa farashi, sa'an nan da matakan da ya kamata mai jari ya ɗauka tun da wuri.

Asalin kasuwar

An kafa kasuwar hannun jari ta ƙasar nan a Ikko, watau Legas, cikin shekarar 1960, ta fara ciniki cikin 1961 da takardun jari iri 19 kacal. Cikin 1977 aka sauya mata suna ta zama ta Nijeriya baki ɗaya, aka buɗe mata reshe a Kaduna cikin 1978, sa'an nan a Kano cikin 1989. Dokokin mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 su ne suka fara jawo talakawa da ma'aikata cikin wannan harka. Daga baya shirin sayar da kamfanonin Gwamnati da aka soma cikin 1988 ƙarƙashin jagorancin marigayi Dakta Hamza Zayyad, da haɗewar bankuna ta 2004 zuwa 2005, suka ƙara yawan masu hannun jari a garuruwan Arewa. Cikin 2021 kasuwar ta koma kamfani mai zaman kansa, ake kiranta NGX. Hukumar Kula da Hannayen Jari ta Tarayya, wadda aka fi sani da SEC, an kafa ta cikin 1979, ita ce ke yi wa dillalai rajista, tana kuma sa ido a kan yadda suke aiki.

A zamanin da, dillalai kan taru a zaure ɗaya, a kira sunan kamfani, mai saye ya taya, mai sayarwa ya sallama. Tun 1999 aka mai da cinikin cikin kwamfuta, yau kuwa mutum yana zaune a Nguru ko Jajimaji ko Gashuwa yana iya aika wa dillalinsa umarni ta wayar hannu. Amma sauƙin aika umarni bai sauya ranakun kasuwa ba. Tana ci daga Litinin zuwa Jumma'a, tana rufe Asabar da Lahadi da duk ranar da Gwamnatin Tarayya ta ba da hutu. Umarnin da aka aika ranar hutu ba zai zama ciniki ba sai kasuwa ta sake buɗewa.

Ciniki daban, biya daban

Idan dillali ya sayar wa mutum hannun jarinsa, ciniki ya faɗa a wannan rana, farashi kuma ya tsaya. Sai dai akwai sauran aiki biyu: a cire hannun jarin daga sunan mai sayarwa a mai da shi sunan mai saye, a kuma ɗauki kuɗi daga ɓangaren mai saye a kai wa mai sayarwa. Wannan shi ake kira kammala ciniki. Kamfanin da ke wannan aiki shi ne CSCS, ma'ajiyar hannayen jari ta ƙasa, wanda ya fara aiki cikin watan Afrilu na 1997, yana yin sa tare da bankunan da aka naɗa domin biyan kuɗin. Kafin zuwansa mai saye kan yi watanni yana jiran takardar shaida ta iso masa ta gidan waya.

Da CSCS ya fara aiki, wa'adin kammala ciniki kwana biyar ne na aiki bayan ranar ciniki. Cikin 2000 aka rage shi zuwa kwana uku, aka yi shekara 25 a kan haka. Ranar 28 ga Nuwamba 2025 aka sake rage shi zuwa kwana biyu, Hukumar SEC kuma ta bayyana a lokacin cewa nufinta shi ne a kai ga kwana ɗaya. Dillalai kan rubuta waɗannan wa'adodi a taƙaice, T+3 ko T+2 ko T+1. Harafin T yana nufin ranar ciniki, lambar kuwa yawan kwanakin da za a ƙara a kanta. Tun da wa'adin yana sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, wajibi ne mai jari ya tambayi dillalinsa wanda ake aiki da shi a ranar da zai saya ko zai sayar.

Abin da ba ya sauyawa shi ne hanyar ƙidayar. Ranar ciniki ba ta cikin lissafi, daga washegari ake fara ƙirga. Kwanakin aiki kaɗai ake ƙirgawa, ana tsallake Asabar da Lahadi da ranar hutu. Ga misali, ƙarƙashin wa'adin kwana biyu, wanda aka sayar masa ranar Litinin za a biya shi ranar Laraba. Wanda aka sayar masa ranar Alhamis sai Litinin, watau kwana huɗu a kalanda. In kuwa Litinin ɗin ta faɗo ranar hutu, sai Talata. Dalili shi ne biyan kuɗin yana bi ta bankuna da Babban Bankin Nijeriya, su kuwa ba sa wannan aiki a ranar hutu.

Wane ne ke ba da hutu

Dokar Ranakun Hutu ta 1979 ita ce ta tsara wannan al'amari. Akwai ranakun da kowa ya san lokacinsu tun farkon shekara: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba. Ranar Dimokuraɗiyya a da 29 ga Mayu ce, tun 2019 ta koma 12 ga Yuni. In ɗayan waɗannan ranaku ta faɗo Asabar ko Lahadi, Gwamnati takan ba da Litinin a madadinta, saboda haka ko su ma sai an saurari sanarwa. Akwai Jumma'a da Litinin na bikin Ista, waɗanda kwanan watansu ke sauyawa kowace shekara amma ana sanin sa tun da nisa, kuma kullum sukan rufe kasuwa kwana huɗu a jere. Sa'an nan akwai Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi, waɗanda ke bin watan Musulunci, Ministan Harkokin Cikin Gida ne ke sanar da ranakunsu a madadin Gwamnatin Tarayya, galibi 'yan kwanaki kaɗan kafin lokacin.

Doka ta ba Shugaban Ƙasa ikon ware wata rana ta musamman ta zama hutu a ƙasa duka, ta kuma ba Gwamna irin wannan iko a cikin jiharsa. A nan akwai abin lura ga mutanen Yobe. Hutun da Gwamnan jiha ya bayar, kamar na shigowar sabuwar shekarar Musulunci da jihohin Arewa da dama kan bayar, ba ya rufe kasuwar hannun jari. Ofisoshin Gwamnati a Damaturu da Gashuwa suna iya kasancewa a rufe alhali kasuwa tana ci a Ikko, farashi yana hawa yana sauka, kwanakin biya kuma suna tafiya. Wanda ya ɗauka kowa na hutu don garinsu na hutu, yana iya wayar gari ya tarar wa'adin da yake jira ya wuce.

Hutun da ke jiran ganin wata

Ƙaramar Sallar shekarar 2024 misali ce da ta isa a yi nazari a kanta. Gwamnatin Tarayya ta fara ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu. Da ba a ga watan Shawwal ba a daren da aka fita nema, fadar Sarkin Musulmi ta sanar da cewa azumi zai cika talatin, Salla ta koma Laraba, sai Gwamnati ta ƙara Alhamis 11 ga wata cikin hutun. Kasuwa ta ci kwana biyu kacal a wannan mako, Litinin da Jumma'a. Irin wannan ƙari ya taɓa faruwa cikin watan Yuli na 2016, lokacin da hutun Talata da Laraba ya zarce har Alhamis.

A wancan lokaci wa'adin kwana uku ake bi. A ɗauka wani ma'aikaci a Nguru ya sa an sayar masa da hannun jari 10,000 a kan naira 50 kowane, watau naira 500,000 kafin a cire la'ada, da nufin ɗinkin yara da zakkar fidda kai da cefanen Salla. In an sayar masa ranar Litinin 8 ga Afrilu, kwana na farko shi ne Jumma'a 12, na biyu Litinin 15, na uku Talata 16. Kuɗinsa za su zo bayan kwana takwas, Salla ta wuce da kusan mako guda. In an sayar masa ranar Alhamis 4 ga wata, ya ƙirga Jumma'a 5 da Litinin 8, yana sa ran kwana na uku ya zama Alhamis 11, sai ƙarin hutu ya tura shi Jumma'a 12. Wanda ya sami kuɗinsa kafin Idi shi ne wanda aka sayar masa ranar Laraba 3 ga Afrilu ko kafin nan, watau cikakken mako guda kafin Salla.

Babbar Sallar 2025 ta zo da wani salo. Gwamnati ta ba da Jumma'a 6 da Litinin 9 ga Yuni, ga kuma hutun 12 ga Yuni ya faɗo Alhamis ta wannan mako. Wanda aka sayar masa a jajibiri, Alhamis 5 ga wata, ya ƙirga Talata 10, Laraba 11, ya tsallake Alhamis, sai Jumma'a 13. Mai son kuɗin rago su shiga hannunsa a jajibiri sai ya zamana an sayar masa tun Litinin 2 ga Yuni. Yana da kyau a lura cewa ko da a ce wa'adin kwana ɗaya ake bi a wannan shekara, cinikin jajibiri ba zai kammala ba sai Talata 10 ga wata, bayan an riga an sauko daga Idi da kwana huɗu. Rage wa'adi yana taimakawa ƙwarai, amma ba ya buɗe banki a ranar hutu.

Ga kuma misalin ƙarshen shekara, bayan an koma wa'adin kwana biyu. Kirsimetin 2025 ta faɗo Alhamis, aka yi hutu Alhamis 25 da Jumma'a 26 ga Disamba. Cinikin Talata 23 ya kammala Litinin 29, na Laraba 24 kuwa sai Talata 30. 'Yan kasuwar Nguru da Gashuwa da ke tura shanu da raguna da kifi Kudu a wannan lokaci, suna biyan direbobin tirela da 'yan dako nan take, su ne suka fi kowa bukatar sanin wannan.

Hutun ba-zata da abin da yake yi wa farashi

Akwai hutun da ba wanda zai iya shirya masa. Da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu ranar Lahadi 13 ga Yuli 2025, Gwamnati ta ba da Talata 15 ga wata hutu, ranar da aka yi jana'izarsa a Daura. Duk cinikin da ke kan hanyar kammalawa ya ƙara kwana ɗaya. Wannan shi ya sa mai hankali ba ya ɗaura alkawarin biyan bashi ko kuɗin makaranta daidai ranar da yake sa ran kuɗin jarinsa, sai ya bar ratar kwana ɗaya ko biyu.

Hutu yana taɓa farashi ta wata hanya kuma. Kasuwa tana rufe amma labarai ba sa tsayawa, duk abin da ya faru cikin hutu yana taruwa ya sauka a kan farashi a ranar da aka buɗe. Ranar Litinin 29 ga Mayu 2023 hutu ce ta rantsar da sabon Shugaban Ƙasa, Bola Ahmed Tinubu, a jawabinsa na wannan rana ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare. Da kasuwa ta buɗe Talata 30 ga wata, ma'aunin farashinta ya tashi da fiye da kashi 5 cikin 100 a yini ɗaya. Ƙasa da mako biyu bayan haka, da daren Jumma'a 9 ga Yuni aka dakatar da Gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele. Litinin 12 ga wata hutu ce, ranar Talata 13 ma'aunin ya tashi da kusan kashi 4 cikin 100. Wanda ya bar wa dillali umarni tun kafin hutu cewa a sayar masa a kan tsohon farashi, bai sabunta ba, yana iya sayarwa da araha.

Kamar yadda labari kan ɗaga farashi, haka yakan kayar da shi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kasuwar Niyok ta Amurka ta kasance a rufe har 17 ga wata, ranar da ta buɗe kuwa babban ma'auninta ya faɗi da kusan kashi 7 cikin 100. A kasuwarmu akwai ƙa'ida tun 2013 cewa farashin hannun jarin kamfani ba zai hau ko ya sauka da fiye da kashi 10 cikin 100 a yini ɗaya ba. Wannan ƙa'ida tana hana farashi ruguzowa lokaci guda, amma tana da wani sakamako. In mummunan labari ya zo cikin hutu, masu sayarwa sukan yi layi a kan mafi ƙarancin farashin da aka yarda da shi, masu saye kuwa su ja baya, mutum ya kwana biyu ko uku bai sami mai saye ba. Muddin ba a yi ciniki ba, ba a fara ƙidayar ranar biya ba. Haka kuma hannun jarin ƙananan kamfanoni da ba a cika cinikinsu ba, ko a ranar da babu wani labari yakan ɗauki lokaci kafin a sami mai saye.

Kasuwannin ƙasashen waje

Kowace kasuwa tana bin kalandar ƙasarta. Kasuwar Saudiyya tana ci daga Lahadi zuwa Alhamis, saboda haka kwana huɗu kaɗai take haɗuwa da tamu a mako. Kasuwar BRVM da ke Abijan, wadda ƙasashe takwas masu amfani da sefa suke tarayya a kanta, har da maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, tana da nata ranakun hutu. Kasuwar Landan tana ci ranar Salla da ranar 1 ga Oktoba, tana kuma rufewa a wasu ranakun Litinin na watan Mayu da Agusta alhali tamu tana buɗe. Akwai kamfanonin da ake cinikin jarinsu a Ikko da Landan duka biyu, kamar Seplat tun 2014 da Airtel Africa tun 2019. Ranar da ake hutu a nan, farashinsu yana iya motsawa a can, mai jari a Gashuwa yana gani a wayarsa amma ba shi da halin saye ko sayarwa sai an buɗe a gida.

Manyan ƙasashe ma sukan yi wa hutu lissafi. Cikin watan Mayu na 2024 Amurka da Kanada da Meziko suka koma wa'adin kwana ɗaya. Kanada da Meziko suka fara ranar Litinin 27 ga wata, Amurka kuwa sai Talata 28, don Litinin ɗin ranar hutu ce a can. Sakamakon haka, ranar Laraba 29 aka kammala cinikin kwana biyu a haɗe a Amurka, na Jumma'a 24 bisa tsohon wa'adi da na Talata 28 bisa sabo, bankuna da dillalai kuma sun yi watanni suna shirin wannan rana. Indiya ta riga su, ta kammala komawa kwana ɗaya cikin Janairu 2023. Ingila da Tarayyar Turai sun tsai da 11 ga Oktoba 2027 domin nasu sauyin.

Takardun Gwamnati da ribar kamfanoni

Wannan lissafi bai tsaya a kan hannun jarin kamfanoni kaɗai ba. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fito da takardar adashin Gwamnatin Tarayya cikin Maris 2017 domin masu ƙaramin ƙarfi, ana iya shiga da naira 5,000, ana buɗe ta na 'yan kwanaki a kowane wata. Cikin Satumba na wannan shekara ya fito da Sukuk na farko na naira biliyan 100 domin gina hanyoyi, wanda aka tsara bisa ƙa'idojin Shari'a saboda masu gudun riba ta kuɗin ruwa. Duk irin waɗannan takardu suna da ranar buɗewa da ranar rufewa. In hutu ya faɗo a tsakani, kwanakin da mutum zai iya zuwa banki ko ofishin dillali sun ragu. In kuma ranar biyan abin da takardar ta haifar ta faɗo Asabar ko Lahadi ko hutu, a bisa al'ada sai ranar aiki ta gaba ake biya.

Haka al'amarin yake ga ribar da kamfanoni ke raba wa masu jari. Kamfani yakan sanar da ranar cancanta, da ranar rufe rajista, da ranar biya. Mai son ya shiga cikin waɗanda za a raba wa, lalle ne ya tambayi dillali wace ce ranar kasuwa ta ƙarshe da zai iya saye, don hutu yana iya cinye kwanakin da yake tsammani suna hannunsa. Akwai tsarin tura riba kai tsaye cikin asusun banki, tun Janairu 2016 kuma aka fara tsarin da kuɗin ciniki ke shiga asusun mai jari ba tare da sun tsaya a hannun dillali ba. Wanda bai cika takardun waɗannan tsare-tsare ba, ko sunansa na banki ya saɓa da na rajistar kamfani, ko lambarsa ta BVN ba ta haɗe da asusunsa ba, zai ƙara wa kansa jira a kan jiran hutu. Su kuwa magada da ke riƙe da tsofaffin takardun shaida na iyayensu tun na shekarun 1970, sai an tantance takardun an shigar da su cikin ma'ajiyar CSCS kafin a iya sayarwa, aikin da yakan ɗauki makonni. Ba abin da za a fara cikin goman ƙarshe na azumi ba ne.

Daga asusu zuwa hannu

Saura mataki ɗaya da mazauna manyan birane ba su cika damuwa da shi ba. Kuɗi su shiga asusu abu ɗaya ne, su zo hannu wani abu ne. Yawancin cinikin dabbobi da hatsi da kifi a ƙauyukan Bade da Nguru da Machina da Yusufari da tsabar kuɗi ake yinsa, makiyayi da masunci sun fi yarda da abin da suka ƙirga. Rassan banki a wannan yanki ba su da yawa, a jajibirin Salla layi yakan yi tsawo, na'urorin cirar kuɗi sukan ƙare, masu POS kuma sukan ƙara la'ada. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna wa kowa yadda mutum zai iya zama da kuɗi a asusu amma ya kasa sayen mudun gero. Tura kuɗi ta waya daga asusu zuwa asusu yana aiki dare da rana har ranar hutu, amma wannan yana amfani ne bayan an kammala ciniki kuɗin sun iso. Saboda haka mai lissafi na gari yakan ƙara kwana ɗaya na cirar kuɗi a kan kwanakin kasuwa.

Abin da ya kamata mai jari ya yi

Na farko, ya fara ƙidaya daga ranar da yake bukatar kuɗi ya yi baya, yana tsallake Asabar da Lahadi da ranakun hutu, har ya iso ranar da ya kamata a yi cinikin. Sa'an nan ya ƙara kwana biyu ko uku saboda neman mai saye da cirar kuɗi da abin da ba a zata ba. Hausawa sun ce mai zurfin ido da wuri yake fara kuka.

Na biyu, game da Salla da Mauludi, ya yi lissafi iri biyu, na wata mai kwana 29 da na mai kwana 30, ya shirya bisa wanda ya fi tsananta masa. Ya riƙa sauraron sanarwar fadar Sarkin Musulmi da ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a rediyo, kada ya dogara da jita-jitar da ke yawo a waya.

Na uku, kafin dogon hutu ya duba duk umarnin da ya bar wa dillali. In ya ƙayyade farashi, ya san har yaushe umarnin zai ci gaba da aiki, ya soke wanda ba ya so, ya kuma sake duba labarai kafin kasuwa ta buɗe.

Na huɗu, mai niyyar saye ya tura kuɗinsa ga dillali tun kafin hutu, ya tabbatar an shigar da su cikin asusunsa, don dillalai ba sa saye sai kuɗi na ƙasa, kuma da wa'adi ya gajarta lokacin gyara kuskure ma ya gajarta.

Na biyar, kada ya zuba kuɗin da yake bukata nan kusa, kamar na taki da iri na noman rani ko na asibiti, cikin hannun jari. Wanda bukata ta tilasta wa sayarwa a jajibiri yana karɓar farashin da ya samu ne, kuma duk da haka kuɗin ba za su iso masa a kan lokaci ba.

Na shida, ya yi mu'amala da dillalin da ke da rajista da Hukumar SEC kaɗai, sunayensu suna nan a shafin Hukumar na intanet. Duk wanda ya zo da alkawarin ninka kuɗi cikin 'yan kwanaki, yana cewa nasa tsarin ba ruwansa da hutu ko wa'adi, a guje shi. Jama'a ba su manta da MMM ba, wanda ya rufe asusun mutane cikin Disamba 2016 ana gab da bukukuwan ƙarshen shekara. Dokar Zuba Jari ta 2025 ta tanadi hukunci mai tsanani ga masu irin wannan sana'a. Wanda yake da ƙorafi a kan dillalinsa ya fara rubuta wa dillalin, in bai sami biyan bukata ba ya kai ƙara ga kasuwar ko ga Hukumar, ya kuma adana takardar cinikin da aka ba shi, don a jikinta aka rubuta ranar ciniki da farashi da la'ada.

Kammalawa

Ana roƙon shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata da malaman makarantu a Nguru da Gashuwa da kewaye su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani, musamman idan azumi ya kama ko watan Zulhajji ya gabato. Kowane mai jari ya samu kalanda ya yi wa ranakun hutun Tarayya alama tun farkon shekara, ya rubuta lambar wayar dillalinsa da wa'adin biya da ake aiki da shi a gefenta, ya ajiye ta inda yake ajiye littafin bashi. Allah Ya sa albarka a cikin kasuwanci, Ya ba ƙasa zaman lafiya da arziki.